Yadda Jatau Mahauci Ya Je Hawan Duwatsun Azbin

A unguwar mahauta ta Talata Mafara an yi wani mutum ana ce masa Jatau na Lauwali. Gajere ne mai faɗin ƙirji, yatsunsa kamar saiwar rogo, ba shi da yawan magana sai in an taɓo abin da yake so. Gidansu gidan fawa ne tun kakanni, kuma ya iya sana'ar daidai gwargwado. Ya iya fiɗa, ya iya shanya kilishi, yana kallon akuya ya san nauyin namanta. Amma in ka tambayi tsofaffin unguwar abin da suka san shi da shi, ba wanda zai fara da wuƙa. Hawan dutse za su ce.

Abin ya faro ne tun yana saurayi, lokacin da mahaifinsa Lauwali ke aikensa ƙauyukan gefen Maradun ya sayo awaki ya koro su gida. Hanyar tana bi ta gindin duwatsu, akuya kuwa ba ta ganin dutse ta ƙyale. Wata rana wata ta haye ta maƙale a tsakiyar gangare, ta kasa gaba ta kasa baya, tana ta kuka. Jatau ya tuɓe takalmi ya bi ta, ya saɓo ta a wuya ya sauko. Da ya dire ta sai ya tsaya yana kallon inda ya fito, ya ji ransa yana son komawa. Ya ɗaure awakin a inuwa ya sake hawa, har ƙololuwa, ya zauna iska na kaɗa masa riga. Daga ranar duk aiken da zai bi ta Maradun shi ke roƙon a ba shi. Ko da ya auri Shatu, wata 'yar Jangebe mai saurin dariya, ta riga ta ji labarin, ta ɗauke shi a wautar da ba ta cutar da kowa.

Ana nan sai aikin madatsar ruwa ta Bakolori ya zo. Katafila da tifofi suka cika hanya, Turawa suka kafa sansani, samari suka bar gona da kasuwa suka tafi neman lebura. Mahaifin Jatau ya riga ya rasu, ƙannensa sun isa riƙe teburin nama, sai shi ma ya tafi. Aka sa shi a wurin fasa dutse. In aka tayar da nakiya ƙura ta lafa, akwai duwatsun da ke saura a maƙale can sama, sun tsage amma ba su faɗo ba, kuma ba a barin mutane su shiga ƙarƙashinsu. Dole wani ya sauko daga bisa da igiya, da sandar ƙarfe a hannu, ya ɓamɓare su. Yawancin leburori ba su son wannan aiki. Jatau shi ya ɗaga hannu.

Baturen da ke kula da wurin mutumin Italiya ne, dogo siriri mai furfura a gefen kai. Sunansa ya ƙi zama a bakin mutane. Da ya zo kalmar Hausa ɗaya ya sani, ita yake mayarwa ga kowace gaisuwa. A ce masa ina kwana, ya ce na gode. A ce masa dutse na gangarowa, ya ce na gode. Sai aka sa masa Nagode, ya kuwa karɓa da murna. Shi ya fara ɗaura wa Jatau ɗamarar nan da ke kama ƙugu da cinyoyi, ya nuna masa ƙullin da ba ya kwancewa. Ya tsaya yana kallon yadda Jatau ke taka bangon dutse kamar mai tafiya a tsakar gida. Ranar hutu ta zagayo sai ga shi da tsohuwar jif ɗinsa a ƙofar gidan su Jatau, da igiya a naɗe a kafaɗa. Ashe shi ma ciwonsu ɗaya. A ƙasarsu, in ji shi, mutane da yawa suna hawan dutse don sha'awa kawai.

Shekaru suka yi suna fita tare. Nagode ya koya masa hawan mutum biyu, ɗaya ya hau, ɗaya ya tsaya yana sakar masa igiya kaɗan-kaɗan, in ya zame ya riƙe shi. Ya koya masa buga ƙusar ƙarfe a tsagar dutse, a maƙala mata ƙugiya, a zura igiya ta ciki. Jatau kuma ya nuna masa tsagar da zuma ke ciki da wadda maciji ke so. Hausar Nagode ta ƙaru, ko da yake har ya bar ƙasar ba ta miƙe ba.

Wata ranar hutu, aikin bangon madatsar ya kusa kammala, suna zaune a gindin wata tsamiya suna shan furar da suka saya wurin wata Bafillatana, Nagode ya ajiye ludayi.

"Jatau, aiki ya kusa ƙare. Ni tafi gida. Amma kafin gida, Azbin. Ka san Azbin?"

"Na sani. Ƙasar Buzaye, can bayan Agadas. Suna kawo muna gishiri da dabino."

"Dutse babba can. Wannan," ya nuna dutsen da suka sauko, "yaro ne. Mu tafi, mu daɗe, mu hau."

Jatau bai taɓa wuce Sakkwato ba. Ya ce, "In ɗan dako kake so, akwai waɗanda sunka hi ni ƙarhi."

"Ba dako ba. Mai riƙe igiya. In na faɗi, wa ya riƙe ni? Kai."

Jatau ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara da gida. Amma tun a cikin mota ya san amsarsa.

Ya iske Shatu da la'asar a tsakar gida tana dama labu, haɗin tunkuza da kayan yaji da ake tsoma kilishi a ciki. Ya zauna a kan turmi ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya faɗa mata. Ba ta daina damawa ba.

"Maigida, mi ke bisa dutsen?"

"Babu komi."

"To mi za ku ɗauko?"

"Babu komi. Mu hau, mu duba, mu sauko."

"Ku bar ƙasarku, ku ƙetare iyaka, ku hau, ku duba, ku sauko." Ta kalle shi, dariya ta ƙwace mata har ta dafa ƙasa. Da ta tsagaita ta goge ido da bakin zane ta ce, "Na san in na ce a'a za ka zauna, amma zaman ba shi yi muna daɗi. Ka tahi. Sai dai ka cika min rumbu, ka hwaɗa wa Inno da bakinka, kuma guzuri ni za ni yi shi, ba Baturenka ba."

Inno, mahaifiyarsa, ta tsufa amma kunnenta garau. Ta saurare shi har ya gama. Ba ta tambayi tsawon dutsen ba. Ta tambaya ko mutanen can Musulmi ne, ya ce Musulmi ne. Ta tambaya ko akwai ruwan alwala, ya ce in babu akwai ƙasar taimama. Ta ce to Allah shi kai shi lahiya shi maido shi, ta ƙara da cewa ya riƙo mata cuku.

Suka sa tafiyar bayan an gama kaka, lokacin da rana ba ta da zafi. Damina duka a shiri ta ƙare.

Nagode ya aika gida a turo masa kaya. Akwati ɗaya ya iso, da sababbin igiyoyi masu santsi, ja da shuɗiya, da ƙugiyoyi, da hulunan kwano. Akwatin ƙusoshi kuwa ya ɓace a hanya, ba wanda ya san inda ya maƙale. Waɗanda ke hannunsu sun tsufa, kuma ba za su isa doguwar tafiya ba. Nagode ya shiga damuwa har ya fara maganar fasawa. Jatau ya ɗauki ƙusa ɗaya ya sa a aljihu, ya ce su je Maradun wurin Hamidu maƙeri.

Hamidu ya juya ƙusar a tafin hannunsa, ya ƙwanƙwasa ta a kan uwar maƙera ya saurari ƙararta. Ya tambayi abin da za a rataya mata.

"Ni," in ji Jatau.

Hamidu ya ajiye ta. Ya ce shi fartanya yake ƙerawa da gatari, in sun karye a dawo ya gyara, amma bai taɓa ƙera abin da in ya karye mai shi ba ya dawowa ba. Sai da suka yi masa alkawarin ba wanda zai rataya a jikinta sai an gwada ta a gabansa, sannan ya yarda. Nagode ya kawo masa ƙarfen sifirin na wata matacciyar tifa. Na farko da ya ƙera ya ba su ruwa da yawa wajen kashe zafin ƙarfen, suka yi tauri fiye da kima. Aka buga ɗaya a dutse, aka ɗaura mata buhunan yashi aka sako su daga sama, ta karye kamar rake. Na biyu suka yi laushi, suka lanƙwashe. Mutanen uku suka yi ta komawa maƙera, Nagode yana zana siffa a ƙasa da tsinke, Hamidu yana gardama, Jatau yana zuga. A karo na gaba buhunan suka faɗo, igiya ta miƙe ta yi ƙara, ƙusar ba ta motsa ba. Aka ƙara buhu, ba ta motsa ba. Hamidu ya zauna a kan dutse ya share zufa ya ce daga yau kar a sake kawo masa irin wannan aiki. Amma kowace ƙusa sai da ya bi su aka gwada ta yana tsaye.

Sai maganar takalmi. Jatau da ƙafa tsirara ya saba hawa, kuma ƙafarsa faɗi gare ta, ba ta shiga ko ɗaya daga takalman Nagode. Nagode ya dage, ya ce dutsen can kaifi gare shi, kwana kaɗan zai yanke masa tafin ƙafa. Suka je wurin wani baduku a kasuwar Talata, ya auna ƙafar da zare, ya ɗinka masa na fatar akuya mai kama ƙafa tsam, ya manna robar taya a ƙasa. Jatau ya ƙi jininsu da farko, ya ce kamar an toshe masa ido. Ya yi ta sa su yana zuwa aiki har suka saba da juna.

Da Nagode ya ce ya nemi rigar sanyi mai nauyi, dariya Jatau ya yi. Ya ce shi da ya kwana a dajin Maradun cikin hunturu da taguwa ɗaya, wane sanyi za a nuna masa. Wannan gardama ba ta mutu ba sai a Bakura.

Bakura suka je saboda masauki. Nagode dai a ganinsa tanti ya isa, inda dare ya yi musu su kafa. Jatau ya ce tanti na daji ne. A cikin gari fa? Wurin wa za su bar mota in hanya ta ƙare? Wa zai nemo musu raƙuma da wanda ya san rijiyoyi? In sun shiga duwatsu ba su fito ba, wa zai san ya kamata a bi sawunsu? Nagode ya yi tunani ya ce gaskiya ne, amma shi bai san kowa can ba. Jatau ya ce shi ma haka, sai dai ya san wanda ya sani.

Alhaji Dikko dillalin shanu ne, Bafillace, abokin cinikin marigayi Lauwali. Tun yana matashi yake sayo shanu daga arewa, ba garin da ke kan hanyar Agadas da ba shi da fatoma a cikinsa, wato mai gidan da ke saukar da fatake ya tsaya musu a ciniki. Suka same shi a zaure bayan azahar. Jatau ya durƙusa.

"Baba, mun iske ku lahiya? Ina gajiya? Ina iyali? Ina dukiya?"

Aka daɗe ana gaisawa, aka tambayi Inno, aka yi wa Lauwali addu'a, aka kawo nono. Sannan Jatau ya faɗi abin da ya kawo su. Alhaji Dikko ya daɗe yana kallon Nagode, wanda ya naɗe dogayen ƙafafunsa a kan tabarma da ƙyar.

"Jatau, wanga baƙo naka shina shan giya?"

"Shina sha can sansaninsu, Baba. Ban taɓa ganin shi da ita wurin dutse ba."

"To ta tsaya can sansanin. Gidajen da za ni aike ku gidajen mutunci ne. Zaure za ku kwana, ba shi leƙa cikin gida. Kuma wandon ga nashi da bai kai gwiwa ba, a ɗunka mai na kirki."

Jatau ya fassara a hankali. Nagode ya dafa ƙirji ya ce ya yarda da duka. Alhaji Dikko ya faɗa musu wanda za su nema a Konni da wanda za su nema a Tawa, ya ce a Agadas kuwa su tambayi gidan Malam Zubairu kusa da kasuwar dabbobi, amininsa ne na gaske. Ya ce masu koren shanunsa za su koma arewa kwanan nan, zai ba su saƙo su yi gaba. Ya ce kar su shiga gidan kowa hannu sake, su riƙi goro da turmin atamfa da sabulu. Suna shirin tashi ya dubi taguwar Jatau.

"Da mi za ka rufa can?"

"Ina da gwado, Baba."

"Gwado." Tsohon ya girgiza kai. "Ni na kwana gindin dutsen Bagazam, can Azbin. Na tashi da asuba in yi alwala, na iske ruwan buta ya zama dutse. Kai dai ba ka san sanyi ba, ɗana."

Ranar da suka je Gusau ɗaukar hoto da neman takardun ƙetare iyaka, Jatau ya shiga layin 'yan gwanjo ya sayi wani ƙaton kwat da ya kai masa har ƙwauri, da safa, da hular ulu. Nagode ya gani ya kau da kai.

Shatu ta cika alkawarinta. Ta yi kilishi mai kauri wanda ba ya saurin lalacewa, ta soya garin gero da yaji, ta yi dakuwa da ƙuli-ƙuli, ta busar da kuka da kuɓewa, ta ɗura man shanu a gora ta toshe. Ita ta ce a nemi salka, jakar fatar nan ta ruwa, don ruwan jarka ɗumi yake yi, na salka kuwa sanyi. Ana gobe tafiya aka baje komai a ƙofar gida don a loda, unguwa ta taru. Wasu suka ce zinariya za su haƙo, wasu suka ce Baturen ya ga taswirar wata taska. Jatau ya gaji da cewa babu komi, ya bar su da zancensu. Kayan suka fi ƙarfin motar, dole a rage. Nagode ya haƙura da kujerarsa mai naɗewa da akwatin littattafai, amma ya rungume 'yar butar gahawarsa ya ce sai dai a bar taya. Jatau ya bar katifa ya ɗauki buzun sallarsa. Suka fita da hantsi, Nagode cikin sabon wando da 'yar shara, yara da manya suna yi masa dariya yana ɗaga musu hannu.

A Konni da Tawa saƙon Alhaji Dikko ya riga su isa. An share zaure, an shimfiɗa tabarmi, tuwo ya fito daga cikin gida. Nagode ya koyi cin abinci da hannu ba tare da ya zubar a riga ba. Amma a Tawa mai masaukinsu ya ba su labarin da ya sanyaya wa Jatau jiki. Malam Zubairu na Agadas ya rasu da damina, 'ya'yansa maza kuma ba su gari. Duk tsawon hanyar da ta rage, wadda rabinta yashi ne da ramuka, Jatau yana tunanin inda za su dosa. Ya yanke shawara ko ba masauki sai sun je sun yi ta'aziyya a madadin Alhaji Dikko.

Suka yi sallama a ƙofar gidan, suka zauna a zaure suka yi addu'a. Sai muryar wata dattijuwa ta fito daga bayan ƙyaure. Uwargidan marigayin ce, Gimbiya. Ta amsa gaisuwa, ta tambayi lafiyar Alhaji Dikko, ta ce saƙonsa ya iso malam yana kwance, kuma ya amsa da bakinsa cewa a sauke su.

"Zauren nan ba a taɓa rufe shi ga baƙo ba," in ji ta. "Ba a kaina za a fara ba. Ku shigo da kayanku."

Ita ta sa aka shigar da motar garkar maƙwabci. Ita ta aika aka kirawo Agali, wani Buzu mai raƙuma da ya san duwatsun tun yana kiwo. Ta sa ya faɗa mata rijiyoyin da za su bi da lokacin da za ta fara duban hanya, ta ce in lokacin ya wuce za ta tayar da mutane.

Duwatsun Azbin ba su yi kama da abin da Jatau ya zata ba. Wasu baƙi ƙirin kamar an ƙone su, wasu jajaye masu santsi, sun miƙe sama har sai hula ta faɗi in kana kallonsu. A tsakaninsu kuma sai ka faɗa wani kwari mai lambuna, da dabino da rumman da ruwa mai sanyi. Sukan kafa tanti a gindin dutse su yi kwanaki, su hau ta wannan fuska su hau ta waccan, sannan Agali ya ɗaure kaya su ƙara gaba. Da asuba Jatau yakan fito cikin kwat ɗinsa yana rawar ɗari, ya girgiza buta ya ji shiru, ruwan ya daskare. Tantin da ya raina kuwa, shi ke riga kowa shiga.

Sau ɗaya ya faɗi. Yana gaba, ya yi nisa, ya kama wani ɓangare da ya ga kamar lafiyayye, sai ya ɓalle a hannunsa. Ya ji iska, ya ji salati ya fita daga bakinsa, sannan ɗamara ta fizge shi. Ya tsinci kansa yana lilo a jikin dutse, gwiwa ta goge tana jini. Ya ɗaga kai ya ga ƙusar Hamidu a inda ya buga ta. Ya duba ƙasa ya ga Nagode ya kafe ƙafafu, igiya ta ƙone masa tafin hannu, fuskarsa ta yi fari fat.

"Jatau! Lafiya?"

"Lahiya lau. Riƙe dai."

Ya huta, ya sake kama dutsen ta wani wuri, suka ƙarasa. A can bisa babu komai, kamar yadda ya faɗa wa Shatu. Duwatsu ne bayan duwatsu, sai yashi can nesa yana ƙyalli, da shirun da bai taɓa jin irinsa ba. Ya yi taimama ya yi azahar, Nagode ya koma gefe ya zauna yana jiransa. Sannan suka raba kilishi suka ci.

Suka dawo Agadas kafin Gimbiya ta fara damuwa. Jatau ya gyara mata katangar da ruwa ya ci, Nagode ya bar mata risho da fitila. Suka iso Talata Mafara sun rame sun yi baƙi, da buhun dabino da cukun Inno. Shatu ta dube shi sama da ƙasa, ta ga tabon gwiwa, ta ce sai ya ci abinci sannan ya yi mata ƙaryar yadda aka yi.

Ba a daɗe ba Nagode ya koma ƙasarsu. Ya bar wa Jatau jar igiyar da ɗamara da ƙugiyoyi. A tasha ya rungume shi yana ta magana da yarensu, Jatau bai ji ko kalma ba amma ya gane. Ba su sake haɗuwa ba.

Shekarun da suka biyo ba duka ne masu daɗi ba. A 1980 aka yi tashin hankali kan diyyar gonakin da aikin madatsar ya cinye, aka rasa rayuka a wajen Birnin Tudu. Jatau ya san mutanen yankin, ya sha ruwa a gidajensu lokacin da yake sayen awaki. Ya daɗe ba ya son bi ta gefen madatsar da ya sa hannu aka gina. Ya koma teburin nama, kilishinsa ya yi suna har direbobin Sakkwato na tsayawa dominsa. Igiyar kuwa ba ta kwanta ba. In jaki ya faɗa rijiya, ko guga ya tsinke, ko ana son a yashe wata tsohuwar rijiya mai zurfi da kowa ke tsoro, daga Jangebe har Bakura shi ake aikowa a kira. Bai taɓa cewa ya gaji ba.

Da tsufa ya kama shi gwiwoyi suka fara ƙara, Shatu ta kafa masa doka, ba dutse, ba rijiya, ba bishiya. Ya bi dokar, sai dai wata shekara gab da damina indararon soronsu ya toshe. Shatu ta ce a jira magini, ta tafi gidan suna. Da ta dawo da yamma ta duba ɗaki ba ya nan, ta duba zaure ba ya nan. Sai ta ji tari daga sama. Yana zaune a kan soro ya miƙe ƙafafu, hannu duk laka, yana kallon hadarin da ke haɗuwa ta gabas. Tsani kuwa yana jingine a inda ta bar shi, ba a taɓa shi ba.

"Maigida, ta ina ka hau?"

"Ta bango."

Ta tsaya riƙe da ƙugu, tana neman faɗan da za ta yi, bai zo ba. Ta jawo tsanin ta jingina masa.

"To sauko ta nan, tuwo na hucewa."

"Ina zuwa," in ji shi. "Bari ruwan ga shi ƙaraso tukuna, in ga ko indararon ya buɗe."